Ƙyallen da Ake Nema Ya Tsayar da Jini, Ya Kuma Warkar da Mikin da Ya Ruɓe

Rauni mai tsanani yana kashe mutum ta hanya biyu, kuma hanyoyin nan biyu ba su tafiya da gudu ɗaya. Ta farko ita ce zubar jini, wadda kan gama da mutum cikin 'yan mintoci idan babbar jijiya ce ta tsinke, domin jinin da ke jikin baligi bai wuce kimanin lita 5 ba, kuma wanda ya rasa kashi 40 cikin 100 na wannan jini ya shiga halin rai kwakwai mutu kwakwai. Ta biyu ita ce shigar ƙwayoyin cuta, wadda ke bi a hankali har tsawon kwanaki ko makonni, ciwo ya yi mugunya, nama ya ruɓe, daga nan cutar ta shiga jini ko kuwa a kai ga yanke hannu ko ƙafa. Shekaru da dama ke nan masu bincike a jami'o'i da kamfanonin kayan asibiti suna neman abin rufe ciwo guda ɗaya da zai tare hanyoyin nan biyu. Nema ne mai kyau, sai dai yana da wuya ƙwarai, saboda abin da ciwo yake buƙata a mintinsa na farko ya sha bamban da abin da yake buƙata a makonsa na uku, wani lokaci ma buƙatun biyu karo suke yi da juna.

Auduga da siririn ƙyallen da aka saba gani a ɗakin wankin ciwo tsofaffin kaya ne. A shekarar 1867 Joseph Lister ya wallafa sakamakon aikinsa a Gilasgo, inda yake jiƙa ƙyalle da sinadarin kabolik ya rufe karaya mai buɗaɗɗen rauni, a 1880 kuma wani likitan tiyata a Bamingam mai suna Sampson Gamgee ya fito da auduga mai shan ruwa da aka saka tsakanin ƙyalle biyu. Aikin irin wannan ƙyalle shi ne shan jini da ruwan ciwo da kuma kare miki daga ƙura da ƙuda. Ba ya sa jini ya daskare da kansa, ba ya kashe ƙwayar cuta, kuma idan ya bushe a kan miki yakan manne, sai ranar wanki a ɓamɓaro shi tare da sabon naman da ya fara tsirowa.

Kafin a fahimci sababbin kayan, dole a san yadda jiki yake tsayar da jininsa. Da zarar jijiya ta yanke sai ta tsuke bakinta, wasu ƙananan ƙwayoyi da ke yawo cikin jini su taru a wurin su manne da juna su yi toshiya ta wucin gadi. Bayan haka sai wasu sinadarai na cikin jini, fiye da goma, su riƙa tayar da juna ɗaya bayan ɗaya, har a ƙarshe a samu wani zare mai suna fibirin da ke saƙa raga a kan toshiyar ya kama jajayen ƙwayoyin jini, gudan jini ya yi ƙarfi. Wannan aiki yana buƙatar sinadarin kalsiyam, yana buƙatar ɗumin jiki, yana kuma buƙatar lokaci. Idan jini na tsartuwa da ƙarfi, yakan wanke gudan tun bai kama ba, idan kuma majinyaci ya riga ya zubar da jini mai yawa, jikinsa ya yi sanyi, to sinadaran kansu sun ragu kuma aikinsu ya yi rauni.

Fagen yaƙi ne ya hanzarta binciken kayan tsayar da jini. Wani nazari da aka wallafa a 2012 kan sojojin Amurka 4,596 da suka mutu a Iraƙi da Afganistan tsakanin 2001 da 2011 ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka cika kafin a kai su asibiti suna da raunin da za a iya tsira daga gare shi, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗannan zubar jini ce ta kashe su. Idan rauni a hannu yake ko a ƙafa, ana iya ɗaure gaɓar tamau daga sama a tsayar da jinin, to amma matsematsi da hamata da gindin wuya ba su ɗauruwa. Domin irin waɗannan wurare aka fito da QuikClot a 2002, wani gari na ma'adinin ziyolait da ke tsotse ruwan da ke cikin jini nan take, ya bar sinadaran daskarewa a tattare wuri ɗaya. Ya tsayar da jini, amma yana fitar da zafi mai yawa lokacin da yake shan ruwan, har ya riƙa ƙona naman majinyata. A 2008 sojojin suka koma ga ƙyallen da aka shafe da kawolin, wanda ba ya zafi, kuma aikinsa shi ne tayar da sinadari na 12 cikin jerin masu daskarar da jini, wato ya sa jiki ya fara aikinsa da wuri.

Kawolin ɗin nan dangin farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙowa a Ƙanƙara ta jihar Katsina, kuma a nan ne ya kamata a yi hattara, kada wani ya ɗauka cewa barbaɗa ƙasa a kan ciwo daidai yake da wannan magani. Wanda ake sawa a ƙyallen asibiti an tace shi, an kashe duk ƙwayar cutar da ke cikinsa, an kuma ɗaure shi a jikin zare yadda ba zai bi jini ba. Muhimmancin wannan ɗauri ya bayyana ne a kan wani gari na yumɓu mai suna WoundStat, wanda ya tsayar da jini da kyau a gwajin farko, amma rundunar sojin Amurka ta daina amfani da shi a 2009 bayan gwaji a jikin dabbobi ya nuna cewa yana lalata bangon jijiya, ɓurɓushinsa kuma yana iya bin jini ya toshe wani wuri. Ita kuwa ƙasar da ke tsakar gida ko gona, da toka mai datti da kashin shanu da wasu ke shafawa, su ne matattarar ƙwayar da ke kawo cutar sarƙe haƙora.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi kusa da cika burin haɗa ayyukan biyu, shi ne kitosan, wanda ake sarrafawa daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa. Yana ɗauke da cajin lantarki na fozitif, alhali fatar jajayen ƙwayoyin jini tana ɗauke da na negetif, saboda haka idan suka haɗu sai ƙwayoyin su manne masa su dunƙule su zama toshiya mai danƙo. Fa'idarsa babba ita ce bai dogara da sinadaran daskarewa na jiki ba, don haka yana iya aiki a jikin wanda ya yi sanyi ko wanda yake shan maganin tsinka jini, inda ƙarfin kawolin kan ragu. Da shi aka yi bandejin HemCon a Amurka da kuma Celox a Ingila. Wannan cajin dai shi ne yake sa kitosan ya manne wa fatar bakteriya, wadda ita ma negetif ce, ya huda ta. Sai dai cajin nasa yana da ƙarfi ne a inda akwai ɗan tsami, shi kuwa ruwan tsohon gyambo yakan karkata ne zuwa ɓangaren kanwa, saboda haka ƙarfinsa na kashe ƙwayoyin cuta yana raguwa a daidai wurin da aka fi buƙatarsa. Wannan ne ya sa masu bincike suke ta sauya masa tsari ko su haɗa shi da azurfa da makamantanta.

Akwai kuma aljinet da ake cirowa daga ciyawar teku, wanda ke sakin kalsiyam cikin ciwo ya rikiɗe ya zama kamar kamu mai laushi, ya dace da miki mai yawan ruwa da ɗan tsattsafin jini. A ɗakin tiyata kuma likitoci sun daɗe suna amfani da Surgicel, wani saƙi na zaren tsiro da aka sarrafa ya yi tsami, wanda ake iya bari cikin jiki ya narke. Duk waɗannan, daga mai tsada har mai araha, ba su aiki yadda ya kamata idan aka ɗora su a saman ciwo mai zurfi kawai. Ƙa'idar amfani da ƙyallen kawolin ita ce a cusa shi har ya taɓa bakin jijiyar da ke zubar da jinin, a cika ramin, sannan a danne da hannu da ƙarfi na aƙalla minti 3 ba tare da ɗagawa don leƙawa ba. Gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa ƙyalle na yau da kullum da aka cusa da kyau aka danne yakan yi kusa da mai maganin wajen tsayar da jini, abin da ke nuna cewa horar da direba da ɗan acaɓa da jami'in kiyaye haɗurra yadda ake cusawa da dannewa zai ceci rayuka tun kafin a samu kuɗin sayen kaya masu tsada.

Da zarar jini ya tsaya, lissafi ya juya. Ƙyallen da ya ceci rai ba a barinsa ya wuce kwana guda, domin gudan jini da mataccen nama su ne abincin da ƙwayoyin cuta suka fi so. A nan ne wani bincike na 1962 ya sauya tunanin likitoci, lokacin da George Winter a Ingila ya yi ƙananan raunuka a fatar alade, ya rufe wasu da leda ya bar wasu a buɗe, sai ya ga sabuwar fata ta rufe waɗanda ke da danshi da saurin da ya kai kusan ninki biyu. Dalili shi ne ƙwayoyin fata jan ciki suke yi daga gefen ciwo zuwa tsakiya, kuma busasshen ɓawo yana tilasta musu su nutsa ƙarƙashinsa kafin su wuce. Wannan ya saɓa wa abin da yawancinmu muka taso muna ji, cewa a bar ciwo ya sha iska ya bushe. To amma danshi da ɗumin da ke taimakon fata su ne kuma suke taimakon bakteriya, kuma daga wannan matsala ne buƙatar saka maganin ƙwayoyin cuta cikin abin rufe ciwo ta taso.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yadda ƙwayoyin cuta suke zama a cikin tsohon miki. Ba su yawo ɗai-ɗai yadda magani zai same su cikin sauƙi. Suna manne wa naman ciwo su fitar da wani yauƙi su lulluɓe kansu da shi, irin santsin da hannu kan ji a cikin randar da ta daɗe ba a wanke ba. A cikin wannan yauƙi suna rage gudun rayuwarsu, suna musayar dabarun jure magani, kuma adadin maganin da zai kashe su yana iya ninka na waɗanda ke yawo sau ɗaruruwa. Wani nazari na 2008 a Amurka ya samu wannan yauƙi a kashi 60 cikin 100 na tsofaffin raunukan da aka duba, alhali a sababbin raunuka kashi 6 ne kacal. Manyan masu wannan ɗabi'a su ne Staphylococcus aureus, wadda wani jinsinta mai jure magani ya bayyana a Ingila tun 1961, da kuma Pseudomonas aeruginosa, wadda ke sa mugunya ta yi kore-kore a jikin bandeji. Babu ƙyallen da ke ratsa yauƙi mai kauri da mataccen nama yadda ya kamata, shi ya sa kankare ciwo da yanke ruɓaɓɓen nama da wanke shi da ruwan gishiri na asibiti suke gaba da kowane irin magani da za a ɗora.

Azurfa ita ce aka fi sakawa cikin kayan rufe ciwo na zamani. Idan ta jiƙe tana sakin ƙananan ɓurɓushi masu caji da ke lalata fatar bakteriya, su tsayar da numfashinta, su kuma hana ta hayayyafa, kuma kasancewar tana kai hari ta wurare da yawa ya sa jure mata ya fi wuya. A 1968 Charles Fox na Jami'ar Kolambiya ya haɗa ta da maganin salfa ya samar da farin man nan da har yau ake shafa wa masu ƙuna a asibitocinmu, daga baya kuma Robert Burrell a Kanada ya ƙirƙiro Acticoat, ƙyallen da ke sakin azurfa a hankali na kwanaki. Amma akwai wata gaskiya da Alexander Fleming ya nuna tun a Yaƙin Duniya na Farko, lokacin da yake aiki a asibitin soja a Faransa, cewa magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa cikin rauni mai zurfi sun fi saurin kashe fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki a kan bakteriyar da ta ɓuya a lunguna. Azurfa ba ta kuɓuta daga wannan ba. Nazarce-nazarcen da suka tattara gwaje-gwaje da yawa sun nuna cewa ƙuna marar zurfi takan fi jinkirin warkewa a ƙarƙashin farin man nan idan aka kwatanta da wasu kayan na zamani, wani gwaji kuma da aka yi a Ingila kan mutum 213 masu gyambon ƙafa, wanda aka wallafa a 2009, bai ga bambancin warkewa tsakanin ƙyalle mai azurfa da marar ita ba, sai bambancin kuɗi. Saboda haka ƙwararru suka daidaita a kan cewa a sa azurfa a mikin da ke da alamar cuta na mako 2, sannan a sake dubawa, idan cutar ta lafa a daina.

Zuma ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce maganin da muke da shi a hannu, muka kuma yarda da shi tun daga abin da ya zo a Suratun Nahli. Tsofaffin takardun likitancin Masar, na wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, sun ambaci rufe rauni da zuma da maiƙo. Aikinta ta fuskoki da yawa ne: yawan sukarinta yana janye ruwa daga jikin bakteriya, tana da tsami, kuma wani sinadari da ƙudan zuma ke zubawa cikinta yana sakin haidirojin feroksaid kaɗan-kaɗan idan ta haɗu da ruwan ciwo, adadin da ya isa ya hana bakteriya sakat ba tare da ya ƙona sabon nama ba. Ɗaya daga cikin rahotannin da suka dawo da martabarta a likitancin zamani daga Najeriya ya fito, domin a 1988 Spencer Efem na asibitin koyarwa na Jami'ar Kalaba ya wallafa sakamakon jinyar mutum 59 da zuma, yawancinsu masu raunukan da suka ƙi jin magungunan da aka saba, inda 58 suka samu sauƙi ƙwarai, ɗayan da bai samu ba kuma aka gano gyambon Buruli ne. A Niyu Zilan kuwa Peter Molan ya shafe shekaru yana nazarin zumar itacen manuka, wadda daga baya aka gano ƙarfinta na musamman daga sinadarin metilgilayoksal yake, kuma a 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Medihoney, wani abin rufe ciwo da aka yi da wannan zuma. Wani nazari na 2015 da ya tattara gwaje-gwaje 26 ya nuna cewa ƙuna marar zurfi tana warkewa da zuma kwana 4 zuwa 5 kafin wadda aka rufe da kayan da aka saba, amma hujjar ba ta yi ƙarfi haka ba a sauran nau'o'in miki. Abin takaici shi ne irin wannan zumar asibiti daga ƙetare ake sayo ta da tsada, alhali babban abin da ya sa ta zama ta asibiti shi ne an tace ta, an auna ƙarfinta, an kuma haska ta da wani haske mai ratsa abu da ake kira "gamma" don kashe ƙwayayen cutar da ke iya kwanciya cikin ɗanyar zuma. Zumar kasuwa da aka gauraya da sukari ko aka dafa a wuta ta rasa yawancin wannan amfani.

Aidin ma an sake masa tsari, ana ɗaure shi cikin ƙananan ƙwallaye na sitaci da ke shan ruwan ciwo suna sakinsa sannu a hankali, yadda ba zai yi zafi da ɓarnar tsohon aidin na kwalba ba. Wani ƙyalle na ƙasar Suwidin mai suna Sorbact kuma ba ya kashe komai, bakteriya ce ke manne masa a cire ta tare da shi ranar wanki. Ga ita Pseudomonas mai koren mugunya, ruwan khal da aka tsinka ƙwarai a asibiti yana maganinta da kuɗi ƙalilan.

Abin da ba na goyon baya shi ne saka magungunan sha ko na allura masu kashe bakteriya cikin abin rufe ciwo ba tare da larura ba, balle al'adar fasa kafso a barbaɗa garinsa a kan miki, wadda ta zama ruwan dare a gidaje da kemis-kemis. Maganin da ya isa ga ƙwayoyin cuta da ƙarancin ƙarfi yakan kashe raunana ya bar masu taurin kai su yaɗu, sai ranar da cutar ta shiga jini a nemi maganin a tarar ba ya ci. Wani babban nazari da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bakteriya masu jure magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma yammacin Afirka ne ke da kaso mafi yawa idan aka auna da yawan jama'a.

A ɗakunan bincike yanzu an fi mayar da hankali ga wani abu mai kama da kamu, mai riƙe ruwa da yawa, da ake haɗawa daga kitosan ko aljinet ko jelatin, a zuba masa azurfa ko zinki ko tagulla. Ana so ya manne a jiƙaƙƙen nama ya tsayar da jini, ya saki magani lokacin da ciwo ya nuna alamar cuta kawai, wani ma ya sauya launi don ya sanar da ma'aikacin jinya. Dubban rahotanni ne ke fitowa a kan irin wannan, kuma mai karatu ya kamata ya san cewa mafi yawansu a kan ɓeraye aka gwada su. Fatar ɓera sakwa-sakwa ce, tana da wata tsoka a ƙarƙashinta da ke jawo bakin ciwo ya haɗe, alhali mutum yana warkewa ne galibi ta hanyar tsiro da sabon nama da fata. Ɓeran gwaji kuma matashi ne mai ƙoshin lafiya da aka sa wa ƙwayar cuta iri ɗaya jiya, ba dattijon da ya shekara da gyambo mai ƙwayoyi iri-iri ba. Wannan ne dalilin da ya sa kaɗan ne daga cikin waɗannan ƙirƙire-ƙirƙire suke kaiwa gadon asibiti.

Shi tsohon gyambo ma sau da yawa ba daga fata matsalarsa take ba. Ƙiyasi ya nuna cewa tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin 100 na masu ciwon suga za su yi gyambon ƙafa a rayuwarsu, kuma irin wannan ba ya warkewa muddin suga na sama, jini ba ya isa ƙafar, mai shi kuma yana ci gaba da taka wurin saboda ba ya jin zafi. Haka gyambon idon sawu na masu sikila, wanda tushensa toshewar ƙananan jijiyoyi ne. A ɓangaren ƙuna, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe kimanin mutum 180,000 a shekara, yawancinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, gobarar tankar mai ta Majiya a jihar Jigawa cikin Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka fiye da 150, ta nuna yadda majinyata masu yawa kan buƙaci ɗimbin kayan wanki a dare ɗaya, kuma su ci gaba da buƙatarsu har makonni. A tsarin da dangin majinyaci ne ke sayen auduga da safar hannu da ruwan wanki a kowace rana, ƙyalle mai azurfa ko zuma da zai kwana 3 ba a taɓa shi ba yana iya fin araha a jimlace, ya kuma rage wa majinyaci azabar wankin kullum. Wannan lissafi ne da ya kamata asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Maiduguri da Yamai su yi da alƙalumansu, a kan majinyatansu, tare da gwada tatacciyar zumar gida da ƙyallen kawolin da aka sarrafa a nan bisa ƙa'idar da hukumar NAFDAC za ta iya tantancewa.